Hotunan kayan ɗakin Iya

Ƙauyenmu yana gefen Ringim, kuma abin da nake ɗaukar hoto da shi wayar Tecno ce kawai, ba wata kyamarar a-zo-a-gani ba. Kakata, Iya, ita ta jefa ni cikin wannan harka ba da saninta ba. Duk sallah sai an yi ta fama da ita ta tsaya a ɗauke ta, ita kuwa sai ta ja mayafi ta juya baya. Na ce to, tunda mai kaya ta ƙi, bari in koma wa kayan.

Da baƙin akushin marigayi kakanmu na fara. Tana ganina na durƙusa a gabansa sai ta ce, "Maigidana, yunwa ce ta kai ka ga gaida akushi?"

Haske shi ne kan gaba, kuma shi ya fi cin lokacina. A tsakar gida da rana tsaka inuwa takan fito baƙa ƙirin, kwanon samira kuma ya yi ta walƙiya har fentin furen jikinsa ya ɓace. Wurin da na samu ya dace shi ne cikin ɗakin ƙasa da hantsi, ɗan nesa kaɗan da bakin ƙofa. Ɗakin ba shi da babbar taga, don haka haske ta gefe ɗaya yake shigowa, bayan kayan kuma ya yi duhu da kansa ba sai an rataya komai ba. Hasken gefe shi ke fito da sassaƙar jikin akushi, da wurin da yatsu suka shekara suna kamawa har ya yi sheƙi. Filashi kam a kashe shi, yana shafe duk wannan. Idan ɓangaren inuwar ya yi duhu da yawa, nakan rataya farar riga daga can ta maido da ɗan haske. Lokacin hunturu hazo yana tausasa rana, sai dai a riƙa goge idon kyamarar saboda ƙura.

Ita wayar tana da halinta. In ka matso da ita sosai, abin da ke gaba sai ya kumbura, ka ga ludayi ya fi ƙwarya girma. Gara ka ja baya, daga baya ka yanke gefen hoton, maimakon ka jawo shi da yatsu ya dushe. Ka taɓa kayan a kan gilashin wayar don ta san inda za ta maida hankali, sannan ka ja 'yar alamar rana da ke fitowa a wurin ƙasa kaɗan don rage haske. Cikin ɗaki hannu na rawa, ni kuwa ba ni da ƙafar kyamara, sai in cika kwanon awo da gero in kafa wayar a ciki, in sa mata lokaci ta ɗauka da kanta.

Mun sha gardama da ƙanwata a kan wanki. Ita a ganinta abin kunya ne a nuna wa duniya tukunya da baƙin hayaƙi a gindi, so take ta dirje komai da toka. Ban yarda ba. Akwai wata ƙwaryar fura da ta taɓa tsagewa aka ɗinke ta, ɗinki ƙanana a jere har bakinta. Ɗinkin nan nake juyowa wajen haske. Sabuwar ƙwarya ai tana nan jibge ranar kasuwa, kowa zai iya saya.

Wajen jera kaya kuwa, iyayenmu mata sun riga mu tun a jeren ɗakin amarya. Mai farawa yakan so ya tara komai a hoto ɗaya, alhali abu biyu ko uku sun isa. Wata rana na ɗora mazarin Iya kusa da fitila don kawai launinsu ya yi mini. Iya ta leƙo ta ce, "Wa ya ce maka ana kaɗi babu alli?" Ta ɗauko taskira da ɗan sauran auduga da guntun allin da take shafa wa yatsu, ta kawar da fitilar. Hoton ya zauna nan take. Tun daga ranar, kafin in haɗa kaya nakan tambayi mai su abin da suke aiki tare da shi, kuma daga nan labari ke ɓarkewa. Ta haka ta buɗe mini adakarta ta kwance wani ƙulli: kwabo mai huda, da sisi, da sule, kuɗin da aka daina karɓa bayan shigowar naira a 1973. Na shimfiɗa su a kan turkuɗin Kura. Baƙin ya wahalar da wayar, tana ta ƙoƙarin haska shi ya koma toka-toka, sai da na rage hasken sosai shuɗin ya fito. Yatsuna kuma suka rine.

Allon Kawu da sharaɗi na same shi: ba a ajiye shi a ƙasa, kuma sai da alwala. A kan buzunsa na jingina shi da bango, kurtun tawada da alƙalami a gefe.

In za ka tura wa dangi ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton ɗinkin ƙwaryar ya ɓace. Wanda har yanzu muke kokawa da shi shi ne fitilar ƙwai a kunne. Da daddare hoton yakan fito da yashi-yashi, sai dai daf da magariba, lokacin da akwai sauran haske a ƙofa. Iya kuma ta ce daga yanzu kananzir ɗin daga aljihuna zai fito.