Tsumma ya fito fari: yadda na rabu da tsatsar gindin bututu

Alhamdulillahi, yau kwana tara ke nan da wanke bindigar toka, cikin tsakiyar damina, kuma tsumman da na zura da safen nan ya fito ba jan tsatsa ko ɗigo. Masu koyo irina sun san abin da wannan ke nufi. Baki da tsakiyar bututu ba su taɓa ba ni wahala ba. Matsalar kullum tana can ƙasa, yatsa uku na ƙarshe, wajen 'yar ƙofar da wuta ke bi ta tarar da albarushi.

Kuskuren da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne fara wanki da mai. Tokar albarushi gishiri ne a cikinta, har da ragowar farar wuta, kuma tana jawo laima daga iska. Gishiri ba ya narkewa a kananzir ko man inji. In ka zuba mai a kanta sai ta cure ta zama kamar kwalta, ta manne, gishirin yana ƙarƙashi yana cin ƙarfe. Hoppe's No. 9 ma, maganin wanke bindiga na kanti da na sayo da tsada har aljihu ya ji a jikinsa, don dattin harsashin zamani aka yi shi. Ga bindigar toka ruwa ne magani, kuma ranar da aka harba, kada a bari ta kwana.

Tun farko a zura sandar ɗuri a ga ta nutse har inda aka yi mata alama, a tabbatar babu komai ciki. Sai a raba bututu da katako, a tsoma gindinsa cikin bokiti mai ruwan ɗumi kamar lita biyu da ɗigo uku ko huɗu na sabulun wanke-wanke. A naɗe tsumman auduga a kan sanda yadda zai cika bututun dam, a riƙa ja ana turawa. Ruwa zai riƙa shiga ta ƙofar wuta yana fita da ƙarfi, baƙi ƙirin, da warin ruɓaɓɓen ƙwai. A sauya ruwa har ya fito garau, na ƙarshe ba sabulu.

Duk wannan ina yi, amma bayan kwana biyu sai in ga ja. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai. Ashe abu biyu ne. Na ɗaya, tafasasshen ruwan da nake ɗaurayewa da shi don bututu ya bushe da wuri yana kawo wata siririyar tsatsa nan take, tun ƙarfen bai huce ba. Na koma ruwan da hannu ke iya jurewa. Na biyu, kan sandar a miƙe yake, gindin bututun kuwa yana da ɗan lungu ta ciki, tsumma ba ya taɓa wurin sam. Nan ruwa ke maƙalewa tare da ɓawon toka mai tauri. Sai da na sa ƙaramin burushin tagulla, wanda bai kai faɗin bututun ba, na naɗa masa tsumma na murza a can ƙasa, sannan baƙin ya fito. Bayan busassun tsummoki huɗu ko biyar, na zuba sipirit cokali biyu, na toshe baki da yatsa, na girgiza, na bar shi ya tsiyaye ta ƙofar wuta. Shi ke kwashe ragowar ruwan, ya bushe da kansa cikin 'yan mintoci. A yi wannan nesa da wuta da kuma albarushi.

Mai kuwa, na keken ɗinki ya ishe ni, tsumma ɗaya mai ɗan danshi, ba jagab ba. WD-40, man feshin nan na gwangwani, yana korar ruwa sosai, amma ba zan dogara da shi ya tsare ƙarfe har ƙarshen watan Agusta ba. Baƙin man da aka juye daga inji, don Allah a daina, datti ne da guntayen ƙarfe. Man gyaɗa yana yin danƙo. A waje ina shafa man kaɗe da aka narkar da ɗan kakin zuma, musamman ƙasan bututu inda yake kwanciya cikin katako, don gumin hannu da laima can suke taruwa ba a gani.

Ajiya ma na sauya. Baki ƙasa nake jingine ta kwana biyun farko, kada mai ya gangara ya toshe ƙofar wuta, kuma na fitar da ita daga kuben fata, fata na riƙe laima. Washegari a sake zura tsumma, haka ma rana ta uku. Kafin harbi a goge man da sipirit.

Abin da ya rage shi ne ramukan da tsohuwar tsatsa ta riga ta haƙa, waɗanda nake ji suna kama tsumma. Wanki ba ya cike su, kuma wajen da suke nan ne ƙarfin fashewa ya fi yawa. Bututun zai je wurin maƙeri ya duba kaurin ƙarfen kafin in sake ɗura shi.