Ɓeraye, sukari da maganar ƙiba

Wallahi yana ci min tuwo a ƙwarya in ji ana ce wa mai ƙiba "ka rage ci kawai", sai ka ce shi bai sani ba. Maganar yunwa da ƙoshi a ƙwaƙwalwa take. Ƙwaƙwalwa fa kashi 2 cikin ɗari ce ta nauyin jiki amma tana lashe kusan kashi 20 na kuzarinmu, kuma sukarin jini ne abincinta. A ƙasanta akwai ɗan wuri, haifotalamos, inda wasu ƙwayoyin jijiya ke ɗauke da sinadarin glucokinase, shi ke fara sarrafa sukarin da ya shigo, ta nan suke gane an ƙoshi ko da saura.

Tun 1949 masu bincike a Amurka suka lura in aka yi wa ɓera allurar wani sukari da aka haɗa da zinare sai ya hau ci ba ji ba gani har teɓa ta rinƙa jan ƙasa, ashe allurar wani sashe na haifotalamos ɗin nan take ƙonawa. Abin da ya fi ba ni mamaki, ɓeran da ba shi da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, allurar ba ta yi masa wannan ɓarnar. A 1994 kuma wani mai bincike, Jeffrey Friedman, ya gano leptin, sinadarin da kitse ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi da shi, ta hanyar nazarin wasu ɓerayen da ke gadon ƙiba, kitsensu ba ya aika saƙon ƙoshi zuwa ƙwaƙwalwa sam.