Alhamdulillah, makin ɗalibai ya dawo, ga godiyata

Jama'a Assalamu alaikum. Duk wanda ya bi mu a wannan tashin hankalin ya san inda aka kwana, ba sai na sake jan labarin ba don wlh ko tunawa ba na son yi. Makin ɗalibai da ya ɓace daga manhajar makarantar da muke kula da ita ya dawo gaba ɗaya, an duba an sake dubawa, manhajar ta koma aiki. Jikina har yanzu rawa yake don gajiya amma na ce ba zan kwanta ba sai na sauke wannan nauyin na godiya.

Da yawa kun yi ta tambaya ta inbos wai ya aka yi maki ya ɓace alhali ba wanda ya danna gogewa, to ga shi a taƙaice. Tebur uku ne a jere a databes ɗin, wato rumbun da manhajar ke ajiye bayanai, ɗalibi, a ƙarƙashinsa darussan da ya yi rajista, a ƙarƙashin kowane darasi kuma makin gwaji da na jarrabawa. Kod ɗin da muka gada idan aka gyara ko da lambar wayar ɗalibi ce a fom, sai ya kwashi jerin darussan da fom ɗin ya turo ya ɗora a madadin tsohon jerin, kuma fom ɗin ba ya turo lambar ID, wato lambar shaida, ta kowane darasi. Shi kuwa SQLAlchemy, wanda ke shiga tsakanin kod ɗin da databes, an saka masa delete-orphan a dangantakar, ma'ana duk layin da aka cire daga jerin uwarsa a goge shi. Sai ya ga darussa marasa ID ya ɗauka sababbi ne ya shigar, tsofaffin ya goge, makin da ke rataye da su ya bi su. Abin da aka umarce shi ya yi, ni ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Mugun abin shi ne in ka buɗe shafin ɗalibi komai ras, darussansa na nan da sunayensu, sai ka leƙa ciki ka tarar wayam.

Lokacin da ba zan manta ba shi ne da aka ce in kunna echo, mai nuna duk umarnin da ake tura wa databes, in gwada a kwamfutata. Na canza harafi ɗaya tak a sunan ɗalibin gwaji na danna ajiye, ina kallo INSERT, umarnin shigarwa, ya wuce, sai ga DELETE, umarnin gogewa, a teburin maki, wani DELETE a teburin darussa, sannan COMMIT mai tabbatar da canjin ya rufe. Innalillahi. Nan take na fara lissafin sau nawa ma'aikatan makarantar suka gyara bayanan yara tun da aka shiga zangon, kowane gyara da abin da ya tafi da shi, hannuna ya yi sanyi, har na buɗe bakof, wato kwafin bayanan da aka ajiye a baya, ina shirin maido da shi kan databes ɗin da ake aiki da shi.

A nan ne Allah ya jefo min Anti, ta ce kar in kira sunanta to ban kira ba, amma duk wanda ya san mai riƙe mana saba, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kai, ya san wa nake nufi. Cikin dare ta ɗauki waya, ba faɗa ba tsawa, ta ce ƙanina ɗauke hannunka daga kibod tukuna. Ta sa na rufe hanyar rubutu gaba ɗaya, sannan ta nuna min in na maido da bakof a kan na aiki zan binne duk sahihin makin da malamai suka shigar daga baya, a gyara ɓarna ɗaya a yi biyu. Ashe tun tuni ta kunna ajiyar WAL, wato rijistar duk canjin da aka yi, a PostgreSQL ɗin, databes ɗinmu ke nan, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya taɓa ce mata sannu a kai, kuma da a ce da pg_dump, mai ɗaukar kwafin lokaci guda, kaɗai muka dogara, da ba mu isa mu koma daidai mintin da muke so ba. Ta tayar da kwafi a wata saba daban ta yi ta mayar da shi lokuta daban-daban, tunda gogewar ba rana ɗaya ta faru ba, muna tsinto tsofaffin layuka muna haɗa su da sababbi ta lambar ɗalibi da lambar darasi. Anti, Allah ya biya ki, Allah ya jiƙan mahaifa, ya raya miki zuri'a, yadda kika rufa min asiri Allah ya rufa naki duniya da lahira, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Sai Malam, wanda ya koya min sana'ar nan, ya zauna da ni muka sake rubuta gyaran. Yanzu fom yana turo ID, kod ɗin yana ɗauko darussan da ke akwai ya daidaita su ɗaya bayan ɗaya, mai ID a gyara shi a inda yake, marar ID a ƙara, gogewa kuwa sai an nema ƙarara kuma darasin da ke da maki ba ya goguwa sam. Shi ne ma ya lura da a ce akwai ƙa'idar hana maimai a kan ɗalibi da darasi da zango, da tun ranar farko databes ya yi ihu, saboda shigarwa ke riga gogewa a wurin SQLAlchemy. Mun saka ta. Allah ya ƙara girma Malam, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ƙannena biyu masu koyon aiki da suka bi layi-layi suna gwadawa da takardun malamai har idonsu ya yi ja, Allah ya yi muku albarka ya ba ku masu yi muku. Shugabar makarantar da ta tare min iyaye ta ce a ba mu lokaci, na gode ranki ya daɗe. Da ku da kuka yi ta addu'a kuna turo saƙo ban samu amsawa ba, ku yafe ni, duk na gani.

Waɗanda suka rubuta kod ɗin tun farko kuwa, mun kira mun tura saƙo, shuɗin alama ya nuna an karanta, to Allah ya sa lafiya ce ta ɓoye su. Ba komai.

Malaman da suka shigar da maki a makon da abin ya faru don Allah kowa ya buɗe ajinsa ya duba da takardarsa, in an ga wani abu ba daidai ba a turo min lambar ɗalibin da darasin, kwafin da Anti ta tayar yana nan ba za mu kashe shi ba sai kowa ya tabbatar. Wayata za ta kasance a kashe zuwa gobe da azahar.