Abin da Grand Guignol ya koya mini game da tsoro a dandali

A cikin darussan tarihin wasan kwaikwayo da na ɗauka a jami'a, babu wanda ya sauya mini tunani kamar na Grand Guignol, ƙaramin gidan wasan da Oscar Méténier ya buɗe a unguwar Pigalle ta birnin Paris a shekarar 1897. Ginin tsohon wurin ibadar Kirista ne, kujerunsa ba su kai 300 ba, kuma sassaƙen mala'iku na nan sama da kawunan 'yan kallo yayin da ake kwaikwayon yanka da ƙwaƙule ido a gabansu. Max Maurey, wanda ya karɓi ragamar gidan a 1898, shi ne ya mayar da firgici babbar hajarsa, har ya ajiye likita domin masu suma, wanda a ganina rabin aikinsa talla ne.

Babban abin da na ƙaru da shi shi ne cewa ba jini ke tsorata mai kallo ba, zaman jiran abin da ya san yana tafe ne ke tsinka masa zuciya. André de Lorde, marubucin da ya fi shahara a gidan, ya rubuta wasu wasanninsa tare da masanin halayyar ɗan Adam, Alfred Binet, kuma bai cika damuwa da aljanu ko fatalwa ba. Ya fi son asibiti da ɗakin tiyata da gidan masu taɓin hankali, wato wuraren da mutum ke miƙa kansa ga wanda ya amince da shi. A wani wasansa, magidanci yana nesa da gida yana ji ta wayar tarho ana hallaka iyalinsa, ba shi da ikon yin komai, kuma mai kallo ba ya ganin ko ɗigon jini, sai fuskar mijin da kan wayar da ke rawa a hannunsa. Wannan fage na fi yawan komawa gare shi idan ina tsara nawa rubutun.

Tsarin darensu ma abin koyi ne, domin sukan jera gajerun wasanni, na ban tsoro ya biyo bayan na ban dariya, saboda dariya tana sa mutum ya saki jiki, wanda ya saki jiki kuwa ya fi saurin razana.

An rufe gidan a 1962. Finafinai sun janye masa 'yan kallo, amma dalilin da ya fi gamsar da ni shi ne wanda shugabansa na ƙarshe, Charles Nonon, ya bayar, cewa bayan Yaƙin Duniya na Biyu da abin da aka gano a sansanonin 'yan Nazi, mutane sun san ɗan Adam ya aikata abin da ya zarce duk wanda ake nunawa a dandalin.