Abin da Brock ya koya mini a Pokémon Red

Game Boy ɗin na yayana ne, mai cin batir huɗu, allonsa ba ya haske, sai na raɓu da fitila idan dare ya yi. Kaset ɗaya gare mu, ja: Pokémon Red. Kamfanin Game Freak ne ya ƙirƙiro wasan, Nintendo ta fitar da shi a Japan a 1996, ya isa Amurka a 1998. Kai yaro ne ɗan garin Pallet a yankin Kanto, kana yawo kana kama dodanni kana horar da su, har ka tara lambobi takwas ka tunkari Elite Four, manyan masu horarwa huɗu da ake karawa da su a ƙarshen wasan. Dodannin 151 ne idan an haɗa da Mew.

Farfesa Oak ya ajiye mini uku in zaɓa, na ɗauki Charmander saboda wutar da ke ci a wutsiyarsa. Shi kaɗai nake turawa kowane faɗa. Da na isa garin Pewter, Brock, mai riƙe da lambar farko, ya fito da Geodude da Onix, dodannin dutse, wuta kuwa ba ta cin dutse. Sau uku yana kayar da ni. Na ji zafin abin sosai.

Sai na koma dajin Viridian na kama Caterpie, wata 'yar tsutsa mara ƙarfi. Ita nake sawa a gaba, da an fara faɗa in janye ta in saki Charmander, su raba ladan. A mataki na 10 ta zama Butterfree, a na 12 ta koyi harin Confusion, da shi na rusa Onix. Tun daga ranar na daina raina ƙananan dodanni. Gurbin dodanni shida gare ka, ka cika su da iri daban-daban: ruwa na kashe wuta, ciyawa na shanye ruwa, lantarki ba ya taɓa dodon ƙasa. Da waccan dabarar ta sawa a gaba da janyewa na raini Magikarp ɗin da na saya 500 na kuɗin wasan kafin Mt. Moon, kifin da ba ya komai sai tsalle, har ya kai mataki na 20 ya rikiɗa ya zama Gyarados.

Kuskuren da har yau yake damuna shi ne na Master Ball, ƙwallon kama dodo mafi kyau a wasan. Guda ɗaya tak ake ba ka a Saffron, kuma ba ta kuskure. Ni kuwa na jefa wa Snorlax don na ƙosa. Da na shiga kogon kusa da Cerulean na tarar da Mewtwo, dodon da ya fi kowanne ƙarfi, a mataki na 70, sai da na rage masa jini, Butterfree ta sa shi barci, na yi ta jifa da Ultra Ball, ƙwallon da ke iya kuskure, hannuna na zufa, fitilar batir tana dusashewa. Ya shiga. Nan take na adana wasan kafin allon ya mutu.