Ashe ba idon Baffa ba ne

Asabar, Agege.

Ko karyawa ban yi ba Baffa ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure gaban kwamfutar da yake lissafin kasuwancinsa na kasuwar Mile 12 da ke Legas, kwandunan tumatir da buhunan albasar da ake sauke masa daga Arewa, ya kusa manna hancinsa a jikin allon. Bayan mun gaisa ya rage murya ya ce, "Ɗana, ina jin idon nan ya fara ƙarewa. Bakwai da ɗaya sun zama abu guda a wurina." Maganar ta taɓa min zuciya, domin Baffa ba mai yawan kuka da ciwo ba ne. Ashe mako uku ke nan yana ɓoye abin a ransa, tun ranar da aka haɗa masa sabon allo mai inci 24.

Da na zauna a kujerarsa, ni da nake gani garau ma sai na ga lambobin sun yi dishi-dishi, kamar tawada a jiƙaƙƙiyar takarda. Hoton jikarsa da ke bayan allon kuwa fuskar ta baje gefe da gefe. Na danna ɓangaren dama na linzamin kwamfutar (mouse), na shiga inda aka rubuta Display settings, sai ga shi rezolushin, wato yawan ɗigogin hoton, na kan 1024 x 768, alhali allon ɗan 1920 x 1080 ne.

Na tsaya na yi masa bayani, don ina so hankalinsa ya kwanta kafin ma a yi gyaran. Na ce, Baffa, allon nan kamar saƙa yake, ƙananan ɗigogi ne a jere, 1920 a kwance, 1080 a tsaye, sun haura miliyan 2, kuma haka aka ƙera shi, ba sa ƙaruwa ba sa raguwa. Hoton da kwamfutarka take aiko masa bai kai ɗigo 800,000 ba, sai shi kuma ya ja shi ya shimfiɗa don ya cika fili. Kamar a ɗauki hular yaro a tura kan babba ne, ɗinkin zai buɗe, adon ya karkace. Ga shi kuma fasalin ma ba ɗaya ba, wancan 4:3 ne irin na tsofaffin talabijin, allonsa mai faɗi ne 16:9, shi ya sa fuskar yarinyar ta baje. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ba idona ba ne ke nan?" Na ce in sha Allahu ba shi ba ne.

Na ɗauka aikin minti biyu ne. Ina buɗe jerin awon rezolushin, babu 1920 x 1080 a ciki kwata-kwata. Na kashe na kunna, na duba direban hoto, wato manhajar da ke sarrafa hoton, lafiyarsa lau. Sai da na leƙa bayan tebur na ga tsohuwar wayar VGA mai shuɗin kai da ke haɗa kwamfutar da allon, wadda aka ciro daga allon da ya mutu. Allurai 15 ya kamata a samu a bakinta, na ga biyu sun karye. Ta cikin wasu daga alluran nan ne allo yake sanar da kwamfuta sunansa da girmansa, in kuwa saƙon bai iso ba, Windows sai ta tsaya a kan ƙaramin awon da ta san kusan kowane allo zai ɗauka.

Da allon da kwamfutar duk suna da ramin HDMI, don haka na hau danfo zuwa Ikeja, na ratsa cunkoson Computer Village, kasuwar kayan kwamfuta, ta titin Otigba na sayo wayar HDMI. Ban dawo ba sai bayan azahar, na tarar an ɗauke wuta, muka tayar da janareto.

Ina jona wayar allon ya ƙifta, Windows da kanta ta zaɓi 1920 x 1080. Komai ya fito tas. Amma Baffa ya matso ya ce, "Kai, ai yanzu rubutun ya koma ƙwayar gero. Mayar min da na da." A nan ne mutane da yawa suke ɓata wa kansu gani, sai su rage rezolushin don haruffa su girma, su koma cikin dishi-dishin da suka fito. Na roƙe shi ya ba ni minti ɗaya. A shafin nan dai, sama da rezolushin kaɗan, akwai wurin ƙara girman rubutu da gumaka ba tare da an taɓa ɗigogin ba. Na ɗaga daga kashi 100 zuwa 125, ya ce da saura. Na kai 150, ya jingina da kujera ya fara karanta lissafin albasar jiya da ƙarfi, layi bayan layi, har ya tsinci bakwai ɗin da ya shigar a matsayin ɗaya ranar Laraba.

Duk da haka na sa shi ya yi min alkawarin za mu je a duba idon, tunda ya haura sittin. Ya ce ranar Talata bayan an sauke kaya. Sannan ya ƙwala wa Inna kira a kawo mana shayi da burodin Agege, ita ma ta zo ta ga hoton jikarta.