Abin da farin layi ya koya mini a gindin hawa

Lokacin da nake koyon aikin hanya, malaminmu ya ajiye ni a gindin wani hawa kan titi mai falle ɗaya, ya ce in ƙirga motoci har la'asar. Na ɗauka ɓata lokaci ne.

Abin da na fara lura da shi, motoci ba sa zuwa ɗaiɗai. Titi zai yi tsit, sai ka ji gurnanin tirela, bayanta ƙananan motoci a jere kamar 'yan agwagi. Kowane direba yana leƙo hancin motarsa hagu, ya hango farin layin tsakiyar titi da bai tsinke ba, wanda ke hana wuce motar gaba, ya koma. A raina na ce wannan fenti shi ke haɗa cunkoso.

Da na faɗa wa malam, biro kawai ya miƙo mini. Tirela na tafiyar kilomita 60 a awa, kai kana 80. Ratarku 20 ce, wato kamar mita 5 da rabi a daƙiƙa. Kafin ka fito daga bayanta, ka wuce tsawonta, ka koma hannunka da tazara, sai ka ci wajen mita 60, kusan daƙiƙa 11. A cikinsu ka shafe mita 240 a hannun wasu, mai tahowa da irin gudunka shi ma ya shafe 240. Ke nan sai idonka na ganin kusan rabin kilomita. A kan tudu ko kwana ina za ka samo shi? Ribar kuwa, a kilomita 10 minti biyu da rabi ce.

Sai dai ban janye ƙorafina duka ba. In hanin ya yi tsawo, jerin yana ƙaruwa, haƙuri yana ƙarewa. Da layi ya fara tsinkewa sai na uku da na huɗu su fito tare, wannan ma haɗari ne. Shi ya sa ake ƙara hannu na musamman a hawa don manyan motoci. Suwidin ta ɗauki tsarin 2+1 tun ƙarshen shekarun 1990: hannu uku, na tsakiya ana karɓa-karɓa, da shingen waya tsakanin masu zuwa da masu dawowa.

Ranar da aka fara ba ni aikin shata layi, sai da na taka kwanar da za a shata da ƙafa sau biyu, ina durƙusawa daidai tsayin idon direba, kafin na yarda a buɗe fenti.